Kwandon da Sarmin Bai Ci Ba

Litinin, bayan la'asar

Yau 'yan sanda suka kawo Sarmin gonar rake don ya nuna musu yadda aka yi kisan. Na ce ba zan je ba, har rantsuwa na yi, sai ga ni tsaye a bayan bishiyar mangwaro na ja gyale na rufe fuska. Wa nake ɓoye wa? Duk ƙauyen nan namu na tsibirin Jawa babu wanda bai san tafiyata ba, ni Wagirah. Tun ina budurwa nake dafa musu shinkafar biki da ta mutuwa.

Sun rataya masa kwali a wuya. Suka miƙa masa irin 'yar tsanar nan da ake sa wa kaya a shagon tufafi, ko kai ba ta da shi, ya ɗora ta a bayan babur ɗinsa na acaɓa. Wani ɗan sanda yana cewa, "To daga nan fa? Sai ka yi yaya?" shi kuma yana nunawa. Jama'a na ta ihu, masu ƙanƙara da dafaffiyar gyaɗa suna ta ciniki kamar ranar kasuwa. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goya shi.

Yu Lasmi (mu nan Yu muke ce wa yaya mace) tana can gefe, mata sun riƙe ta hagu da dama. Ita ce uwar Ratri, ta huɗu a cikin matan da aka kashe, wadda aka tsinta a wannan gonar. Ni da Yu Lasmi tun ƙuruciya tabarma ɗaya muke zama a gidan kowane taro, tana yanka albasa ina kula da tukunya. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi jifa ba. Da idonta ya zo kaina sai ya wuce kawai. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Talata, da safe

Na ba kaji tsaki. Ban leƙa waje ba.

Alhamis, da yamma

Tun asuba nake jin ƙarar wuƙaƙe a kan katako daga gidan Pak Jumadi, ana aikin walimar kaciyar jikansa. In za a yi taro, uwar gida da kanta take zuwa ƙofata ta ce, "Girah, jibi ki zo da wuƙarki." Gayyatar ke nan. Wuƙata tana nan a wanke a goge, babu wadda ta zo.

Tumi aka ba tukunyar shinkafa. Tumi! Matar da ko ruwan zafi ta ɗora sai ya kama. Daga nan ina jin ƙauri, na miƙe har na ɗauki gyale zan je in ce a rage wuta, sai na tuna ko yayar wa nake. Na koma na zauna.

Bayan an yi addu'a aka bi gida-gida da kwandunan berkat, abincin albarkar taro. Kowace ƙofa da nata ɗan kwandon, shinkafa da ƙwai da soyayyar taliya da waina an rufe da ganyen ayaba. Har mahaukacin bakin gada ana kai wa nasa. Na ga inuwar ƙafafu ta ƙarƙashin ƙofata, ta zo, ta wuce.

Asabar, da azahar

Sadakar kwana ɗari ta Ratri tana matsowa. Na zuba ɗanyar shinkafa da sukari a fanteka, na ɗaure da ƙyalle, na kai ƙofar madafin Yu Lasmi tun kafin mutane su fito, na ajiye na gudo kamar ɓarauniya. Ɗazu na buɗe ƙofa na tarar da fantekar a bakin dakali. Ƙullin da na yi ne, ba a kwance shi ba.

Ban ji haushinta ba. Kunyar kaina na ji, da na yi zaton sukari zai yi wani abu.

Litinin, bayan na dawo daga birni

Na je gidan yari. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Yu, kin kawo yajin?"

"Na kawo. Ka gaishe ni tukuna, maras kunya."

Ya yi dariya, irin dariyarsa ta kullum. Ya buɗe ƙunshin shinkafa da soyayyen kifi ya hau ci hannu baka hannu ƙwarya, har ganyen sai da ya lashe. Sarmin tun yana yaro acici ne. Mahaifiyarmu takan ce cikinsa a huje yake.

Da ya ƙoshi ya ɗaga riga ya nuna mini haƙarƙarinsa, ya nuna farcen ƙafarsa da ya yi baƙi.

"Dukana suka yi, Yu. Wallahi da ke ce, ko cewa suka yi ki ce kin haifi saniya sai kin ce. Duk abin da kika ga na yi a gonar nan su suka koya mini. Ke kin san ni. Ke kika raine ni."

"Na sani," na ce.

Akwai tambaya ɗaya a bakina tun daga gida. Na koma da ita yadda na zo da ita.

A mota wata mata ta zauna kusa da ni, mai faram-faram, har ta ba ni lemo. Ta ce, "Kin ji labarin ɗan acaɓan nan kuwa? An ce yayarsa ce ma take dafa abincin sadakar waɗanda ya kashe. Kin ji rashin imani?"

Na ce, "Allah ya kyauta." Na shanye lemon kuma.

Laraba, da hantsi

Lauyan Sarmin ya zo, Pak Hendro, yaro matashi mai takalmi yana sheƙi. Na ba shi shayi ya sha, yana ta ce mini Bu, wato Inna. Tun ranar da aka kama Sarmin babu wanda ya sha ko ruwa a gidan nan, har na ji kamar in yi masa godiya da kuka. Dubi inda na koma.

Ya ce babu wanda ya ga komai da idonsa. Babur kawai aka gani a kan hanya, amsa laifin kuma Sarmin ya janye a gaban alƙalai.

"Abin da nake so, Bu, ki gaya musu wane ne ƙanenki. An ce duk sadakokin matan nan huɗu shi ya shimfiɗa tabarmi."

"Shi ne."

"Shi ya yi jigilar kujeru a babur bai karɓi komai ba."

"Haka ne."

"A sahun gaba yake zama, muryarsa ta fi ta kowa."

"Sarmin yana da murya."

"Ya karɓi kwandonsa kamar kowa ya kawo gida?"

"Ya kawo."

Sai ya buga cinya. "To kin gani! Wane mutumin Jawa ne zai kashe mace, ya dawo ya zauna ya cinye albarkar addu'arta? Ai ba za ta wuce maƙogwaro ba. Alƙalan ma 'yan ƙasar nan ne, sun san wannan."

Ni dai ƙusar bangon madafi nake kallo. Ya ce doka ta yarda 'yar'uwa ta ƙi ba da shaida in ta ga dama, amma in ban je ba Sarmin ba shi da kowa. Na ce zan je.

Laraba, da magariba

Ba zan yi maganar ƙusar nan ba.

Alhamis, da safe

Zan yi. In ban yi ba kaina zai fashe.

Tun da matarsa ta tafi Sarmin yake zaune a ɗakin baya, ƙofarsa daban amma madafi ɗaya. Duk ranar da aka yi sadaka, a tsaye yake cinye kwandonsa ko hula bai cire ba. Ƙwan yake fara ɗauka. Yana gamawa sai ya leƙo nawa ya ce, "Yu, ke ƙwai yana sa miki ƙaiƙayi," ya wafce. Shekara da shekaru haka muke.

Ranar sadakar ta farkon, mai sayar da ganye ta ƙauyen gaba, ya shigo ya rataye kwandon a ƙusa. Ya ce, "Cikina ba daɗi, Yu." Ta biyu ya ce ya ƙoshi. Ta uku rataye shi kawai ya yi ya wuce ɗaki. Ta Ratri, da ta kwana uku da ta bakwai, duk a ƙusar nan suka kwana.

Ba a zubar da berkat. Ni nake saukewa in ci, nawa da nasa. Har tsokanarsa nake yi, "Kai, wace bazawara ce take ciyar da kai a waje?" Ranar bakwai ɗin Ratri na zauna a nan inda nake zaune yanzu, na cinye kwando biyu ina yaba wa kaina yadda shinkafar ta yi warawara. Yarinyar da nake yi wa kitso. Ina lashe yatsa.

Wannan ba hujja ba ce. Mutum yana iya yin ciwon ciki sau da yawa. Sai dai tsakanin ta biyu da ta uku tsoho Karto ya rasu a kan gadonsa, mutuwar tsufa, kuma ranar Sarmin ya cinye nasa ya ci rabin nawa.

Ban haɗa waɗannan abubuwa ba sai da lauya ya buga cinya. Ko na haɗa tun tuni? Ban sani ba.

Asabar, da rana

Shinkafa ta ƙi shiga. Rogo nake dafawa. Ni Wagirah.

Lahadi, da la'asar

Na cire ƙusar. Ramin da ta bari ya fi ta fitowa fili.

Talata, bayan kotu

Bari in rubuta.

Ɗakin ya cika maƙil, fanka tana juyawa ba ta kore komai. Alƙalai uku a sama, ta tsakiyar mace ce mai furfura a gira. Sarmin yana gefe da farar riga da baƙar hula. Duk wanda aka kawo wurin nan sai ya zama malami rana ɗaya. Ya yi mini murmushi. Yu Lasmi tana bencin gaba, ta ɗora hoton Ratri a cinya.

Alƙaliyar ta ce, "Bu Wagirah, ke yayarsa ce ta jini. Kina da damar janyewa, babu mai tilasta miki."

Na ce zan yi magana. Wani ma'aikaci ya tsaya a bayana ya ɗaga Alƙur'ani a saman kaina, na maimaita abin da aka ce in maimaita.

Pak Hendro ya fara, tiryan-tiryan kamar yadda muka yi a gida. Tabarmi, e. Kujeru, e. Sahun gaba, e. Na faɗi yadda Sarmin yake kai tsofaffi asibiti kyauta, yadda ya ɗauki makarar Ratri da kafaɗarsa. Duk gaskiya ne. Ina gani alƙalin hagu ya fara gyaɗa kai, lauya kuma ya ji daɗi har ya juya yana kallon jama'a.

"Ya karɓi kwandon albarkarsu ya kawo gida ya ci kamar kowane mutumin kirki, ko ba haka ba, Bu?"

E kawai zan ce. Babu wanda ya sani, daga ni sai bango. An riga an ɗauke Alƙur'anin, amma ina jinsa a saman kaina. Ban kalli Sarmin ba, ban kalli Yu Lasmi ba, tabarmar ƙasa ma babu balle in kalla.

Na ce, "Bai ci ba."

Lauya ya yi sauri zai wuce wata tambayar, alƙaliyar ta ɗaga masa hannu. Ta cire tabarau.

"Na wacce bai ci ba?"

"Duka huɗun, ranki ya daɗe."

"Dama ba ya cin abincin sadaka ne?"

"Yana ci. Har nawa yake haɗawa."

"To waɗannan wa ya ci?"

"Ni."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni, aka buga guduma. Mai gabatar da ƙara ya sunkuya yana rubutu. Sai na ji Sarmin ya ce, "Yu!" Irin kiran da ya yi mini ne ranar da ya faɗa magudanar ruwan gona yana ƙarami, na tsunduma na ciro shi.

A waje Pak Hendro ya tare ni, fuskarsa ta yi ja. "A doka wannan ba komai ba ne, Bu. Amma kin ga fuskar alƙalan? Ni na kawo ki ki cece shi, kin zo kin kashe shi da ƙwai da taliya."

Yu Lasmi ta wuce ta gabana da hoton a ƙirji. Ba ta tsaya ba.

Laraba, da asuba

Abin da ya hana ni sukuni ba wai na faɗa ba ne. Ban san dalilin da ya sa na faɗa ba. Don Allah na yi, ko don ina so a sake cewa in zo da wuƙata? In har don tukunyar shinkafa na ba da ƙanena, to na fi shi lalacewa, ko da ya yi abin da aka ce ya yi. In kuma bai yi ba fa?

Juma'a, da rana

Ba wanda ya zo. Ba wanda ya yi jifa kuma.

Litinin, da hantsi

An fara kafa rumfa a ƙofar gidan Yu Lasmi. Jibi ne.

Laraba, bayan isha'i

Duk yini ƙarar wuƙaƙe. Bayan magariba muryoyin maza suka tashi da hailala, ina zaune ina bi a zuciya, ina jin gurbin muryar da babu. Da aka shafa na rage fitila don kada in ga inuwar ƙafafu.

Sai aka ƙwanƙwasa.

"Girah."

Yu Lasmi ce da kanta, kwando ɗaya a kowane hannu. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ta turo mini ɗaya.

"Ci."

"Yu, ni ban..."

"Ki ci ina kallo."

Na gane. Tana so ta ga ko za ta wuce maƙogwarona. Na ɗaga ganyen, na yi bismilla, na kai loma. Kwanaki rabona da shinkafa. Ta wuce. Na ƙara, hawaye suna zuba a ciki ina haɗawa da su. Saman ta caɓe, tsakiyar kuma da gari-gari, kafin in kama bakina na ce, "Tumi ce?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Sadakar 'yarta, ni kuma ina kushe shinkafa.

"Tumi ce," ta ce. Ta ci gaba da kallona har na share kwandon tas.

Sannan ta turo na biyun. "Wannan nasa ne. Ɗakinsa ƙofa ne, ba a tsallake ƙofa. Gobe ki kai masa."

Na kalli kwandon, na kalle ta.

"Ya ce dukansa aka yi. Lauyansa ya ce babu shaida. Ko sun yanke masa, ko sun sake shi, ni ban san doka ba, Girah. So nake in sani."

Ta dafa gwiwa ta miƙe ta tafi. Ga kwandon nan a gabana. Babu ƙusar da zan rataye shi.

Alhamis, da yamma

Mai gadin gidan yari ya caccaki shinkafar da tsinke ya ce in wuce. Sarmin ya fito ya faɗa sosai, kumatunsa sun shige. Bai gaishe ni ba, bai tambayi yaji ba.

"Kin zo ki ƙarasa ni ne?"

Na ajiye kwandon a kan tebur. Idonsa ya sauka a kai, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Abincin gidan nan ko kare ba zai ƙoshi da shi ba.

"Na waye?"

"Na Ratri. Kwana ɗari. Uwarta ce ta aiko maka."

Ya janye hannuwansa ya cusa a ƙarƙashin cinya.

Na ɗaga ganyen, na juya kwandon ƙwan ya fuskance shi. "Ka ci, Sarmin. Loma ɗaya. Wallahi in ka ci, gobe zan koma gaban alƙalai in ce ƙarya na yi maka, su ɗaure ni a madadinka. Ka ci, ƙanena."

Ya kalli bango. Ya kalli mai gadi. Ya kalli ko'ina ban da tebur. Mun daɗe a haka, ina roƙonsa kamar lokacin da nake bin sa da cokali yana rarrafe.

Ya ce, "Cikina ba daɗi, Yu."

Na mayar da ganyen na rufe.

Da na sauka daga mota Yu Lasmi tana zaune a rumfar bakin titi, da alama tun safe take nan. Ba ta tambaye ni ba. Ta ɗaga ganyen, ta ga ƙwan yana nan. Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba, numfashi kawai ta saki mai tsawo, ta miƙe. Muka kama hanya tana gaba ina baya, mutane suna leƙe ta taga.

A ƙofar gidanta na tsaya inda ya kamata in tsaya, a waje. Ta ce ba tare da ta juyo ba, "Akwai tukwane ba a wanke ba. Tumi ta ƙona gindin babbar."

Na shiga. Na kankare ta da toka da ɓawon kwakwa har yatsuna suka yi jini, ban taɓa jin daɗin aiki da kunyarsa a lokaci ɗaya kamar yau ba. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban nema ba.

Saura kwandon. Ba a zubar da berkat. Muka zauna a bakin rijiya muka sa shi a tsakiya, ya riga ya fara tsami, muka ci. Ƙwan ne na kasa taɓawa. Yu Lasmi ta ɗauka ta raba shi biyu da farce, ta miƙo mini rabi.